Ƙofofin Kabad Marasa Sheƙi

Wata biyar bayan gas ya kama da wuta a kicin ɗinmu na Nasarawa Gwom, Umma ta ce lokacin gyara ya yi. Ni ce a ciki ranar. Na ƙyasta ashana zan ɗora ruwan shayi, ban san robar gas ɗin ta tsage ba. Wutar ta ci mini gefen fuska na hagu har wuya, ta lashe ƙofofin kabad ɗin da ke jikin bango, fomikarsu ta kumbura ta zubo. Tun da aka sallame ni daga asibiti ban sake taka kicin ɗin ba. Madubin ɗakina kuwa, Umma ta rufe shi da zane tun kafin in dawo, ni ma ban taɓa ɗagawa ba.

"Ke za ki zaɓo sababbin ƙofofin," in ji ta. "In da hannunki kika zaɓa, ƙila ki shiga. Ba za ki ƙare rayuwarki a miƙo miki abinci ba."

Yayana ya kai ni shagon wani kafinta a bakin kasuwa. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata.

"Oga, sannu da zuwa! Kayan amarya ne?"

"Gyara ne kawai," in ji Yaya.

Kafintocin nan suna da wata ɗabi'a. In za su nuna maka fomika, sai su goge ta da hannun riga su ɗago ta saitin fuskarka, wai in ka ga kanka tar a ciki, to ba jabu ba ce. Haka ya yi mini da wata baƙa wuluk mai sheƙi, kafin Yaya ya ankara.

"Duba nan, ƙanwata! Har kwalli sai ki sa a cikinta. Irinta na yi wa wata Hajiya a Rayfield."

Na ja baya, mayafin ya zame, na gani. Fatar ta tattare kamar ledar da ta taɓa tukunya, gefen bakin ya karkace. Na zube a kan garin katako. Ina jin Yaya yana faɗa, mutumin yana ta cewa, "Subhanallahi, ban sani ba wallahi, Allah ya ba da lafiya." Ya kifa fomikar a ƙasa kamar ita ce ta yi laifi.

Da numfashina ya daidaita, sai ya tono wata daga ƙarƙashin tarin, mai ruwan toka, dishi-dishi. Ya ce ita suke kira mat, ba kowa ke so ba. Bai ɗago ta ba, a cinya ya ajiye mini.

"Gaskiya zan faɗa miki, tana kama manja. In ya fantsama, sai kin dirje."

"Kamar allon makaranta," in ji Yaya.

Na sunkuya na dube ta. Babu kowa a ciki. Na ce ita nake so.

Ranar da aka ɗaura ƙofofin, Umma ta ce kamar ba a gama fenti ba, amma ta kama hannuna muka shiga tare. Yanzu ina yanka albasa a wurin, ina wanke kwanuka. Manjan ma ya kama ƙofar da ke kusa da murhu, yadda ya faɗa.

Ashana ce dai har yau ta gagare ni. Jiya Umma ta miƙo mini, na karya tsinke uku, na ji ƙaurin da babu shi. Ta karɓa ta kunna. Jibi za ta tafi Vom jinyar ƙanwarta, sati guda, Yaya kuma tun asuba yake fita aiki. Ta tambaye ni me za ta bar mini na girki. Na ce ta sayo burodi da yawa.