Mai Riƙon Eriya

Kwana goma sha ɗaya ke nan da muka binne abokina mai faci, kuma har yanzu in na tuna da eriyar gidansa sai raina ya ɓaci kafin hawaye su zo. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.

A layinmu Na-Sani ake ce masa, don ba ka isa ka kai ƙarshen magana ba sai ya tare ka da "na sani". Rumfarsa ta facin taya tana jikin shagona na ɗinki. Shekara talatin da huɗu ina jin ƙarar injin iskarsa, shi yana jin ta kekena. Taya ko ƙaya ce ta huda ta, zai tsoma tub a ruwa, ya bi shi a hankali har ya ga inda kumfa ke fita. A wannan aikin babu mai haƙurinsa.

'Yarsa ta fari malama ce a makarantar kurame a wani gari mai nisa. Shekara biyu da suka wuce wata ƙaramar tashar talabijin ta can ta ɗauke ta, tana fassara labaran ƙarfe biyar na yamma da hannu. A ɗan akwati take fitowa, can ƙasa a kusurwar allo. Ranar da ta bugo ta faɗa masa, rufe rumfa ya yi da rana tsaka, ya je ya sayo eriya.

Tashar ba ta kan tauraron ɗan'adam, kuma gidansa a kwari yake, ga wani dogon bene a gabansa. Ya kafa eriya a taga, babu komai. Ya ɗaura ta a gora, sai hoto ya zo ya daskare, fuskar mai karanta labarai ta farfashe kamar an taka madubi. Ya samo bututun ƙarfe, ya haɗa biyu, ya hau kwanon rufin ɗaki ya kafa. Har murfin tukunyar matarsa ya huda ya ɗaura a baya, wai yana tattaro iska. Sai da ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba.

Daga ƙarshe ya gano cewa in ya hau ya riƙe bututun da hannunsa, hoto yana zama garau. Da ya saki, sai ya watse. Shi ke nan aiki ya same mu. Kullum biyar saura kwata zai leƙo shagona.

"Tela, ajiye wandon mutane, tashi."

"Mai shi na zuwa karɓa yau."

"Na sani. Ba tsirara yake yawo ba, tashi."

Shi a kan kwano, ni a bakin taga, matarsa a kan kujera. Ina ihu, "Dama kaɗan! Ka wuce! Dawo! Nan, tsaya nan!" Yana amsawa daga sama, "Damarka ko tawa?" Maƙwabta har sun daina dariya, sun saba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, duk wannan wahala shi bai taɓa ganin 'yar tasa a allo ba. Yana jin muryar mai karanta labarai ta taga, amma 'yarsa ba murya take yi ba. Sai dai ya riƙa tambaya, "Ta fito? Wane kaya ta sa? Tana sauri ko a hankali?" Ni da ban san ko harafi ɗaya na maganar hannu ba, ni ne mai ba shi labari.

Na ce ya bari in hau ko sau ɗaya, ya zauna ya gani. Ya ce, "Kai da ke jin jiri a kan benci? Kuma hannunka ba ya kamawa. Jikina ne ya saba da ƙarfe, shi ke jawo tashar." Na ce mu kira mai gyara. Ya ce yaran yanzu ba abin da suka iya sai kwance abu. 'Yar ta turo masa bidiyo a wayar hannu, ya kalla, ya ture.

"Wannan ai kowa ma yana shiga waya. Har akuyar maƙwabcinmu na gani a ciki. Ni a talabijin nake son ganinta, lokacin da kowa ke ganinta."

"To ka sauko ka gani mana, Baban yara," in ji matarsa.

"In na sauko wa zai riƙe?"

Haka muka yi ta yi, rani da damina. In hadari ya taso sai mun haɗu mun roƙe shi kafin ya sauko.

Da ciwo ya kama shi, ƙafafunsa suka fara kumbura. Ya yi ta musu, har ranar da ya taka matakala ta uku ta tsani ya tsaya yana haki. Na riƙe shi muka koma ɗaki. Sati guda talabijin na kunne ba hoto, yana kallon farfasassun fuskoki bai ce komai ba. Shirun nan ya fi surutunsa damuna.

Ran nan ban nemi izininsa ba. Na tuɓe takalmi na hau, ban yarda na kalli ƙasa ba. Na je na kama bututun daidai inda hannunsa ya goge tsatsa har wurin ya yi haske. Sai na ji matarsa ta ce, "Ya zo! Ya zo!"

A ƙarƙashin tafina na ji wani abu yana motsi. Na duba. Wayar da ta sauko daga eriya ta bi jikin bututun, kuma daidai nan ta tsage, bakin ƙarfen ya yanke ta tun ranar da ya haɗa biyun. In an damƙe sai ta haɗu, in an saki sai ta buɗe. Mutumin da ke gano hudar ƙaya a cikin taya, shekara biyu yana riƙe da wannan a hannunsa bai duba ba. Wallahi da yana kusa da na zage shi.

Akwai zare da guntun ƙyalle a aljihuna, kamar kullum. Na naɗe wurin, na ɗaure tamau, na saki a hankali. Ba wanda ya yi ihu daga ƙasa. Na sauko.

Na same shi ya matso da kujera har gwiwarsa na taɓa teburin. 'Yarsa na kusurwa cikin shuɗin mayafi, hannayenta na tafiya. Bai juyo ba sai da na zauna kusa da shi. Ya dube ni, ya dubi allo, ya sake dubana.

"Wa ke riƙe da eriya?"

"Babu kowa."

"Me ka taɓa mini?"

"Waya ce ta tsage. Na ɗaure."

Matarsa ta sa gefen zane ta toshe dariya, idonta ya cika da ruwa. Shi kuwa ya mayar da kai ga allo, bai ƙara ko ƙiftawa ba har aka gama labarai. Sannan ya share fuska da hularsa ya ce, "Ta rame. Ku ba ku gaya mini ta rame ba. Miƙo mini waya in ji ko abinci ne babu a garin."

Sau goma sha tara ya gan ta kafin ya rasu. Ina kusa da shi a kowanne, kuma kowanne sai ya ce ɗaurina ba zai kai gobe ba.