Rabon Ruwan Kaka Falmata

Shekarar da rijiyar unguwarmu a Gure ta ƙafe, bido biyu kacal na ruwa, wato jarka biyu, ake samo mana a rana, ga mu takwas a gida. Kakata Falmata ce mai rabo, da 'yar moɗarta. Bayan magariba, kafin wutar murhu ta mutu, sai ta zaunar da mu jikoki, ta ja fatar bayan hannun kowa ta saki. Wanda fatarsa ta yi nawar komawa, ta ƙara masa moɗa guda. Sai an gama wannan ake tatsuniya.

A shekarar nan ta raƙumi ta fi yi mana. Wai Ƙishirwa ce ta shiga daji tana ƙwace ruwan jikin dabbobi. Ta tatse bijimin sa ta zufa, ta tatse jaki ta fitsari. Da ta iso kan raƙumi, sai gogan naka ya toshe kowace kafa. Ya ƙi yin zufa, ya bar jikinsa ya ɗau zafi da rana, ya huce da dare. Kashinsa a bushe ƙamas, fitsarinsa ɗan mitsil mai kauri, ko danshin numfashi sai hancinsa ya maido shi ciki. Ƙishirwa ta yi mako biyu tana bin sa, ta gaji ta koma. Na yi caraf na ce ai a tozo ya ɓoye ruwan. Kaka ta dungure mini kai, ta kira ni uwar iyayi, ta ce tozo kitse ne, raƙumi hana ruwa fita kawai yake yi.

In muka tambaye ta ina nata rabon, sai ta ce, "Ni taguwa ce, matar raƙumi, na sha tun shekaranjiya." Mu kuwa mu kwashe da dariya.

Wata rana cikin wasa na ja fatar hannunta yadda take yi mana. Fatar ta tsaya cak, ta ƙi komawa. Ta yi maza ta cusa hannun cikin zane, ta ce tsufa ne. Na yarda. Ba ta ga damina ba. Lokotoron asibiti ya ce ƙodarta ce ta tsaya.

Yau ni ke jan fatar marasa lafiya a asibiti, na kuma san ƙodar ɗan Adam ba ta raƙumi ba ce. Wallahi abin nan yana ci mini rai har yanzu. Shekarata tara a lokacin, moɗar tana gabana, ita da kanta ta koya mini abin da ake yi wa mai irin wannan fata. Ban miƙa mata ba.