Haƙorin Makka a Hayin Dahome

Tafiyar nan da na yi da kakata a kwalekwale zuwa Dahome ba za ta fita daga raina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. Har yau ina zaune haka kawai sai in ji ƙamshin ruwan kaka a hancina, in rasa ko a farke na yi ta ko a mafarki.

Farkon shekarun mulkin kai ne. Ina saurayi lokacin, ga ƙarfi ga saurin fushi. Muna zaune a wata tunga a bakin Kwara, ƙasar Bagudo, muna noman shinkafa muna su. Kakata, wadda ta haifi babana, ita kaɗai ce Hajiya a tungar. Da ƙafa suka je Makka ita da kakana, shekara da shekaru suna tafe suna tsayawa tsinkar auduga a Sudan. A hanyar dawowa ƙasar can ta riƙe shi, ita ta iso gida da tasbaha da haƙorin Makka, 'yar hular zinariya da aka kifa wa haƙorinta na sama. In ta yi murmushi a kasuwa, ko baƙo ne sai ya rusuna ya ce, "Hajiya, a sa mu a addu'a." Wallahi tana son abin nan, har murmushin da ba dalili take yi.

Sai haƙorin ya soma ciwo, dasashi ya kumbura. Wata safiya tana kurkure baki zinariyar ta faɗo a tafin hannunta. Ta ƙulle ta a bakin zane, ta daina dariya, ta daina zuwa kasuwa.

Da can wannan ba wata magana ba ce. Akwai wani mutum a kasuwar Bagudo, wanzami ne asalinsa, ya koyo aikin haƙori a hanyar Makka. Yana da allo a bakin rumfarsa, an zana haƙori ƙato kamar turmi, an rubuta Likitan Haƙori da boko da ajami. To a shekarar mai shela ya zaga kasuwa da sabuwar magana: duk wanda bai yi karatun aikin ba, gwamnati ba ta san da shi ba, kada ya cire haƙori, kada ya sa, kada kuma ya bari a kira shi likita. Duba-gari ya zo da ɗan doka suka sauke allon. Mutumin nan ya naɗe kayansa ya haye Dahome wajen dangin uwarsa Dendawa.

Ni fa abin ya ƙona mini rai. Shi likitan da gwamnati ta sani yana ina? Sai Sakkwato! An kori wanda ke kusa, ba a kawo wani ba, kuma wai mulkin kai ke nan.

Kakata ta kira ni. Maigida take ce mini, wasan jika da kaka.

"Maigida, kai dai ba ka da amfani. Matarka na shirin komawa wawulo kana kallo."

Na ce, "Ke tsohuwa, in anka maida miki shi ai wani za ki samu ki bar ni."

"Awo, na ji. Ɗauko jirgi mu tahi."

Babana ya so a nufi asibiti, ta ce ita ba a yanka ta da ranta. Wa zai ja da Hajiya?

Ruwa ya cika ya batse a lokacin, ya shanye fadamu, ba ka gane inda kogi ya tsaya gona ta fara. Na bi gefe ina tura gora a cikin ciyawar burgu, furen bado na buɗewa gaba gare mu yana rufe hanya a bayanmu. Kawunan shinkafa sun leƙo saman ruwa suna rawa. Balbelu na tashi su sauka, ba sa ko tsoronmu. Wani wuri sai ka ga giginya tsaye a tsakiyar ruwa, da inuwarta a kife a ƙarƙashinta. Mu kwana a tungar masunta, da safe mu ci gaba, har na daina sanin ranakun.

Ita kuwa zazzaɓi ya fara shigarta. Tana kishingiɗe a kan tabarma, mayafi a fuska, hannunta ɗaya na jan ruwa. Can sai ta ce, "Malam, ka ga Jidda can?" Da kakana take magana. Kwara ta koma mata Bahar Maliya. Ta yi ta ba shi labarin 'ya'yansa da bai gani sun girma ba, tana yi masa faɗa a kan takalmin da ya manta a wani zango. Da farko na yi dariya, daga baya na riƙa amsa mata da "na'am". Ni kaina sai na ji kamar mu uku ne a jirgin.

Da ta farfaɗo ta ce, "Yaushe za mu shiga Dahome?" Na ce ai tun hantsi muke ciki. Ta ɗaga kai ta duba dama da hagu. "To ina iyakar? Wagga doka da tak kori mutum, ashe ba ta iya iyo ba."

Mun same shi a gindin wata tsamiya a gefen kasuwa, ba rumfa ba allo. Nan wanzam kawai suke ce masa. Ya tashi ya tarye ta, ya shimfiɗa mata buzu, aka gaisa aka daɗe. Ta kwance bakin zane ta miƙa masa zinariyar. Ya juya fuskarta wajen rana, ya ce ta buɗe baki. Ya duba, ya taɓa muƙamuƙinta da yatsa, ya sake dubawa. Ina ganin awartakinsa a kan fata, bai ko kalle shi ba.

Sai ya mayar mata da zinariyar a hannu ya rufe yatsunta a kai.

"Hajiya, ban iya ba. Wanga ciwo ya wuce haƙori, ya shiga ƙashi. Ku tahi Sakkwato, kada ku biya gida."

Kai! Na ji jini ya hau mini kai. Na ce, "Baba, gulbi munka keto saboda kai. Ko nan ma tsoron ɗan doka kake?"

Ya dube ni a natse. "Ɗana, da a Bagudo kunka iske ni da allona, wallahi da na taɓa shi. Wanda gari duka ke ce ma likita, da wane baki za ya ce bai iya ba? Akwai wanda na taɓa ma irin wanga don kunyar sunan. Bai ga damina ba. Yanzu sunan ya sauka, ba ni jin kunyar kowa."

Kakata ta kalli abin da ke hannunta. Ta ce, a hankali, "Malam ne ya riƙe min kai sa'ad da anka sa haƙorin ga. Shi kaɗai ya rage min nashi."

Ya ce, "Na sani, Hajiya. Amma in na kifa shi bisa ciwon ga, da shi za a yi miki wanka."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata a wannan rana ba. Ta ɗaure bakin zanenta ta dafa kafaɗata. "Maigida, kai ni inda za a yanka ni."

Komowa ruwa ne ya ɗauke mu, ban sha wahalar gora ba. Muka hau mota, muka isa Sakkwato. Likitan, wani mai gilashi da ba ya jin Hausa sosai, ya cire haƙora uku har da wancan, ya kankare ƙashin. Ta yi jinya ta tashi. Ta rayu har ta goya 'ya'yana.

Amma ba sauran inda za a kifa zinariya. Ranar da ta fara komawa kasuwa ina biye da ita, ta yi wa wata baƙuwa murmushi, matar ta ce, "Tsohuwa, ɗan matsa in wuce." Ta matsa. A hanyar gida na ga tana share ido da gefen mayafi, na yi kamar ban gani ba.

Har gobe ina cewa da sun fara kawo mana likita kafin su sauke allon. Sai dai na daina zagin dokar, don na ga abin da suna yake sa mutum ya aikata. Tun daga nan, duk wanda zan miƙa wa jikina ko jikin nawa, abu ɗaya nake nema a wurinsa: ranar da abin ya fi ƙarfinsa, ya iya buɗe baki ya ce bai iya ba. Wannan kalmar ce ta bar mini kakata.