Amsa Biyu ga Tambaya Ɗaya

Ba a daɗe da mayar da Gusau babban birnin jiha ba aka ɗaura mana aure. Muka kama haya a Damba, ciki da falo. Ni ina koyarwa a wata firamare, maigidana kuwa yana zaman gida. Kowa Likita yake ce masa, har da ni, tunda ba na faɗin sunansa. A Rasha ya yi karatun likita, ya dawo da takardar shaida mai hatimi, amma hukumar da ke ba likitoci lasisi ta ce duk wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawarta a Legas kafin ya taɓa majiyyaci. Ga sabuwar jiha tana kukan ƙarancin likitoci, ga nawa likitan a baranda yana kore mini kaji daga shanyar gero.

Da Rashanci aka koya masa aikin, jarrabawar kuwa da Turanci ake yi. Cututtukan da ya saba gani a can na ƙasar sanyi ne. Tsargiya da sikila da sanƙarau a littafi kawai ya gamu da su. Kuma babu wanda zai ce masa ga abin da za ka karanta. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, “Nemi tsofaffin tambayoyi ka yi ta bita.” Wanne daga ciki, nan ne kowa ke yin shiru.

Iri biyu ya samu. Na farko wani ƙaton littafi ne na Ingila da aka yi masa hoto a shagon buga takardu, wasu shafukan sun yi fari fat saboda tawadar injin ta ƙare. Tambayoyinsa a tsare suke, amsoshi a baya, har da bayanin dalili. Na biyu tarin takardu ne da aka buga da tafireta, an ɗaure da zaren buhu. Abokinsa da suka yi Rasha tare, wanda ya riga shi cin jarrabawar yana aiki a Tsafe, shi ya aiko masa. Tambayoyi ne da waɗanda suka zauna jarrabawar a baya suka tuno bayan sun fito, kowa ya ƙara nasa. Amsoshin da biro aka zagaye su, kuma ba hannu ɗaya ba ne.

Aikina shi ne karanta masa. Idan na taso daga makaranta na sauke tukunya, sai mu zauna bayan la'asar, in riƙe takarda in karanto tambaya da zaɓinta, shi ya ba da amsa, ni in duba in ce daidai ko kuskure. Rabin kalmomin ban iya furta su ba. Wani lokaci sai na maimaita har ya gane, ya yi dariya ya faɗa mini sunan da Rashanci. Da fari ina jin daɗin zaman. Ina ganin ni ma ina da hannu a ciki.

Wata rana na karanto masa tambaya daga takardun Tsafe, a kan mai ciki da jininta ya hau ta fara jijjiga, wace allura za a fara yi mata. Ya ce C. Na duba na ce, “B aka zagaye.”

“Jiya ba C kika ce mini ba?”

Na ɗauko littafin Ingila na lalubo wurin. Gaskiyarsa. Tambayar kusan iri ɗaya ce, maganin da littafin ya zaɓa shi ne C a nan. Na sake duba takardar Tsafe da kyau, sai na ga wani ya taɓa zagaye C da jan biro, wani ya soke ya koma B da shuɗi, wani kuma ya sa alamar tambaya a gefe.

“To wanne ne daidai, Likita?”

Ya karɓi takardar ya duba. Sannan ya ce, “A inda na yi karatu na san abin da muke bayarwa. Abin da mai duba takarda a Legas yake so in rubuta, shi ne ban sani ba.”

Daga ranar zaman ya canza. Muka fara cin karo da irinsu nan da can. Idan na ce masa daidai sai ya tambaye ni, “Daidai a wurin wa?” Ni kuwa malamar aji uku ce, abin da aka zagaye kawai nake gani. Har na koma jin tsoron buɗe baki. Idan ya ba da amsa sai in ce, “Haka suka ce a nan,” in sunkuyar da kai.

Ni na ba shi shawara mu je Tsafe ya tambayi abokinsa, tunda ina da gwaggo a can zan fake da gaishe ta. Ranar Asabar muka shiga bas. Muka tarar da abokin shi kaɗai a ɗakin duba marasa lafiya, layi har waje. Muka zauna a benci sai da aka kira azahar kafin ya samu sararinmu. Ya tsaya yana cin gyaɗa a tsaye, Likita na nuna masa wuraren da na yi wa alama.

“Wallahi abokina, ba ni na zagaye su ba,” in ji shi. “Haka na gaje su.”

“Amma da su ka ci.”

“Da su na yi karatu, na kuma ci. Ko su suka taimake ni, ko Allah ne ya rufa mini asiri duk da su, ban sani ba.”

“To in bar na Ingila?”

“Kar ka bari. Malaman da ke fitar da tambayoyin yawancinsu can suka yi karatu.”

“In bar naka ke nan?”

“A'a, ai su ne suka fi kama da abin da za ka gani.”

Aka leƙo aka ce an kawo wanda ya faɗo daga babur. Ya kakkaɓe hannu ya ce mini, “Amarya, a ci gaba da haƙuri da shi,” ya wuce da sauri. Muka kamo hanyar dawowa ni da Likita. Yana rungume da takardun a cinya, yana kallon duwatsu ta taga har muka shigo gari.

Ana cikin haka aka aiko daga Karakkai, garinsu, cewa Inna mahaifiyarsa ba ta da lafiya. Damina ce, sai da muka sauka a Bungudu muka hau kabu-kabu, muna ratsa caɓi tsakanin gonakin dawa. Muka same ta ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Ya sa abin sauraren ƙirji ya daɗe yana saurare. Na ga fuskarsa, na san ya gane ciwon. Kafin ya fito daga ɗakin, zaure ya cika: an ji Likita ya zo. Mai ciwon ido, mai tari, wata Bafulatana da ta ajiye ƙwaryar nononta a gefe tana nuna masa kunnen ɗanta. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da magana mai daɗi, ƙarshen kowace magana, “A je asibiti.”

Washegari muka kai Inna asibiti a Bungudu. Ya bi layi ya yanki kati kamar kowa. Ma'aikacin da ya duba ta ya ga yana yawan sa baki, ya ɗago ya ce, “Malam, kai ma'aikacin lafiya ne?” Na ga Likita ya buɗe baki ya rufe. Sannan ya ce, “Ni ɗanta ne.”

Da yamma ina shafa wa Inna mai a ƙafa ta riƙo hannuna. “Ɗiyata, gaya min gaskiya. Karatun ga bai ƙare ba? An ce muna ya gama, mun yi murna. Mi ya rage?”

Na ce jarrabawa ce guda, Inna.

“To shi karanta mana. Ai shina da ƙoƙari tun yana ƙarami.”

Ta yaya zan yi mata bayanin jan biro da shuɗin biro? Na ce yana karantawa, a taya mu da addu'a. Ta ce kullum cikin yi take.

Da lokaci ya matso ya raba ranarsa biyu, safe na Ingila, yamma na Tsafe. Inda suka saɓa sai ya haddace duka biyun, ya ce idan ya shiga ɗakin jarrabawar zai ga wadda zuciyarsa ta kwanta da ita. Ya rame. Na kan dafa abin da yake so ya ci loma kaɗan ya ture. Ba ni da abin da zan iya yi masa ban da wanki da guga da soya masa naman guzuri.

Ya tafi Legas ya dawo. Na tarye shi a ƙofa ina neman labari a fuskarsa. Ya ce wasu tambayoyin ya gan su a nan, wasu a can, mafi yawa bai taɓa ganinsu ba ko'ina. Da sakamako ya fito babu sunansa. Ya faɗa mini a tsaye, yana cire takalmi, kamar labarin wani yake bayarwa. Na shiga madafa na yi kukana, na wanke fuska na kawo masa ruwa.

Bayan kwana biyu ya je ya roƙi wani babban likita a cikin gari ya bar shi ya riƙa bin sa zagayen marasa lafiya, ba albashi, ba rubuta magani, kallo da tambaya kawai. Kullum da safe sai ya sa farar rigarsa a leda, sai ya isa can yake sakawa, don kar maƙwabta su ɗauka ya fara aiki. Ni kuma ya daina sa ni karatu. Bai ce na yi laifi ba, ya ce dai in huta, lokacin ina da ciki.

A zama na biyu ya ci. Inna ba ta ga ranar ba. Ta rasu da kaka, ana tsakar yankan gero. Mu biyu muka je Karakkai da labarin. Muka sami Baba, mahaifinsa, a gindin rumbu yana gyaran igiya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce alhamdu lillahi, ya shafa addu'a. Sannan ya tura a kira masa ƙanensa, wanda ya daɗe yana fama da ciwon gwiwa, ya ce tunda yanzu an yarda Likita ya duba marasa lafiya, a fara da shi.