Dokin Kawu da Waken Direba

Jama'a, yau na ga doki yana rawa a bayan mota kanta!

Kawuna Alhaji Sale ne ya sayar da masara ya sayi doki a Funtua, wai shi ma a san da shi a Tsiga. Muka ɗauki shatar kanta, aka ɗora doki a baya, mu muka shiga gaba.

Ba mu yi nisa ba sai ƙara. Gwaram! Gwaram! Na leƙa, doki sai zamewa yake yi, ƙafar gaba gabas, ta baya yamma, ya jiƙe sharkaf da gumi. Na ce wa direba ya tsaya kafin dabbar nan ta karye.

Kawu ya ce, "Sammu ne! Tun safe na ga irin kallon da maƙwabcina Malam Idi ya yi mini. Yau sai gaban mai unguwa!"

Na ce, "Kawu, mu duba tukuna."

"Rufe mini baki!"

Ya tattare babbar riga, ya haye zai yi wa doki tofi. Taku ɗaya, sai tim! Kawu a ƙasa, hula a titi.

Ashe waken suya motar ta sauke da safe. Wanda ya zube ya cika bayan motar, direba ya ƙi sharewa, wai rabonsa ne, gida zai kai.

Na ce, "Kawu, kai ma Malam Idin ne ya kayar da kai?"

Direba kuwa ko sannu. Cewa ya yi, "Alhaji, tashi a hankali, kana murƙushe mini wake!"