Gwangwanin Ragowar Magani

Shekaru da yawa ina da wani gwangwanin madara a rumfar da nake dukanci, nan Zinder. Duk wanda aka rubuta wa magani a gidana, in ya ji sauƙi bayan kwana biyu ko uku, sai in ce ya dakata haka, in juye ragowar a ciki. A ganina alheri nake tarawa. In an je dubiya wasu su kai lemo, ni in kai kafso ja da rawaya a ƙunshin takarda. Har addu'a ake yi mini.

Da furfura a gemuna na shiga makarantar manya. Malaminmu ya ce kowa ya nemi rubutu a gida ya riƙa kwafa. Ni ba ni da wani rubutun boko sai na bayan fakitin magani. Saboda haka duk wanda zan bayar sai na kwafe sunansa a kayena, wato littafin rubutuna na makaranta, harafi bayan harafi, in rubuta wanda na ba a gefe. Ma'anar ko ɗaya ban sani ba, hannu kawai nake koya wa tafiya.

Akwai wata likita da ke magana a rediyo da hantsi, ina ɗinkin fata ina saurare. Wata rana ta ce ba jikin mutum ne ke sabawa da magani ba, ƙwayoyin cutar ne. In an sha shi barkatai, raunanan su mutu, masu taurin su rage su hayayyafa, har maganin ya daina cin su. Na yi dariya. Abin da ido bai gani ba, yaushe ya yi wannan wayo?

A daminar nan hauya ta sari yayana a ƙafa, can gonarsa ta Hamdara. Sau uku ina aika masa da ƙunshi. Ya sha wasu, ya fasa wasu ya barbaɗa a ciwon. Kafin a gama yankan gero aka ɗauko shi a motar Mirriya, ƙafar ta kumbura kamar turmi. A asibiti aka yi ta allura, ciwon bai ko gezau ba. Aka fara zancen yankewa.

Rana ta huɗu wata mace mai farar riga ta tsaya a kansa.

"Baba, me da me ka sha kafin ka zo?"

Muryar likitar rediyo ce, ga ta da fuska da hannuwa, 'yar gajeriya.

Yaya ya nuna ni da haɓa. "Tambayi wancan. Shi ne babban likitan danginmu, farar riga ce kawai bai samu ba."

Kunya ta rufe ni. Na koma gida na ɗauko kayen. Ta bi layukan da yatsa, a hankali, har inda na rubuta Yaya sau uku.

"Malam, kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne. Koyo nake."

"Rubutun ya yi. Rabon ne bai yi ba. Amma yanzu na san abin da ya sha. Jibi ka zo in nuna maka wani abu."

Da ranar ta zo na koma, ta kai ni ƙofar ɗakin gwaji, ta ɗaga wani ɗan faranti mai murfi a hasken taga. Ta ce ruwan ciwon Yaya aka shafa a kai, aka bar shi ya tsiro. Tsiron ya rufe farantin kamar gansakuka a bakin rijiya. An jera 'yan fararen takardu a kai, ƙanana kamar ƙwayar wake, kowace da nata magani. Na duƙa na haɗa haruffan jikin ɗaya, likitar ta ce gajeren sunan kafsona ne. Tsiron ya mamaye ta har gefenta, babu tsoro. Haka ta biyu, haka ta uku. Guda ɗaya tak ce ke da fili kewaye da ita, tas, kamar an share masussuka.

Halittar da ta fi ƙura ƙanƙanta, tana da mai ƙarfi da mai rauni, tana haihuwa, ta san abokin gabanta. Ni kuma da hannuna na yi ta horar da ita. Bakina sai tasbihi.

"Wannan filin shi ne ƙafar yayanka," in ji ta. "Saura guda. Kada a yi wasa da shi."

Aka fara ba Yaya wannan maganin. Ni na zauna gadin kwanakinsa, ina ja musu layi a kaye. Ranar da Yaya ya ce ya warke, a bar sauran ko wani zai buƙata, na ce ko ƙwaya ɗaya ba za ta rage ba.

"Kai ne yau ke faɗin haka?"

"Ni ne, Yaya. Buɗe baki."

Da ƙafafunsa biyu ya hau motar komawa, yana ɗingishi. Ragowar maganin da ke cikin gwangwanin na kai asibiti su san yadda za su yi da shi. Gwangwanin yana nan a rumfa, basilla da zare nake sakawa a ciki.