Allurar da Aka Yi wa 'Yata Tun Tana Ciki

Shekarun baya, cikina na biyu yana wata bakwai, na shigo Haɗeja daga Guri don a yi mini hoton ciki. Ni dai abin da ya kawo ni shi ne in ji mace ce ko namiji, in biya kasuwa in koma. Sai na ga likitar ta daina hira, tana ta goga na'urar a wuri guda.

"Malama, ruwa ya taru a ƙirjin jaririyar, yana danne mata huhu. Sai kun je Kano."

A haka na ji mace ce. Sai da na kai tasha na lura takalmina a juye na sa shi.

A Kano likitan ya ce za a soka doguwar allura ta cikina har ƙirjinta, a zuƙe ruwan. Bai ɓoye mana komai ba: naƙuda na iya tasowa, ruwan na iya dawowa, in kuma aka bar shi da wuya ta zo da rai.

Mahaifiyata ta ce atafau. "Ɗan da bai fito duniya ba, shi za a huda? Ke 'yar nan, ki bar wa Allah abinsa." Maigidana kuwa, mutumin da ke shiga kogi da kwalekwale ko ruwa ya yi ambaliya, ya kasa cewa komai sai, "Yadda kika gani." Na ji haushinsa sosai. Daga baya na gane tsoro ne ya ɗaure masa baki. Na yi istihara, na sa hannu a takardar amincewa.

Idona biyu aka yi aikin. Nas ta riƙe mini kafaɗa ta ce, "Kar ki motsa, ko tari." Ni da nake yini ina hana ɗalibai motsi a aji, yau ga shi ni ake hanawa. A allon na'urar ina ganin allurar kamar farin tsinke tana matsawa kusa da jaririyar. Duk addu'o'in da na haddace suka gudu, Fatiha kaɗai na yi ta maimaitawa.

Ban koma Guri ba, na zauna gidan innata, 'yar'uwar mahaifiyata, a Kano. Kullum ina zaune dafe da ciki ina jiran in ji ta motsa. Ruwan ya dawo, aka sake zuƙewa. Da na haihu ta yi kwanaki a kwalba kafin a ba ni ita. Mahaifiyata ta karɓe ta, ta ɗaga rigar tana neman inda aka huda, ta rasa, sai ta fashe da kuka.

Yanzu tana firamare, ta fi kowa surutu a gidan. Amma fargabar ba ta gama sakina ba. Ko tari ta yi sai na kara kunne a ƙirjinta, tana ture ni: "Umma, ni fa lafiyata ƙalau!"

Kuma har yau, in na je asibiti na ga mace ta fito daga ɗakin hoto riƙe da takarda tana kallon ƙasa, ba na iya wucewa. Sai in je in zauna kusa da ita.